Sakamakon Baba Ilu

Tun da aka kafa dokar daidaita rubutu, kowane shafi iri ɗaya yake fitowa a kowace waya, ba ƙari ba ragi. Baba Ilu, da idonsa ya yi rauni, ya je wurin Sagir mai gyaran waya.

"Ɗana, ƙara min girman rubutun nan. Sakamakon asibiti ne, ba na so yarana su gani."

"Baba, ko wayar wa ka ɗauka haka zai fito. In na taɓa, rufe min shago za a yi. Kawo in karanta maka."

Baba Ilu ya daɗe kafin ya miƙa masa wayar. Sagir ya fara karantawa, sai ya dakata a tsakiya. Ya tashi daga kujerarsa ya tura masa.

"Zauna tukuna, Baba."