Allurar da Ta Lanƙwashe a Bayan Firinta

Tunda ka ce kuskuren ƙarami ne, ba wanda zai lura, to gyara zama, ɗana, in ba ka misali.

An yi wani mutum mai shagon buga takardu a bakin wata tasha. Firintarsa tsohuwa ce, irin mai ƙara idan tana aiki, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Abin da ke haɗa ta da kwamfuta wata waya ce mai kauri. Kan wayar faffaɗa ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kamar harafin D, a cikinsa kuma akwai ƴan siraran allurai jere sahu biyu. Waɗanda suka ƙera shi sun yi masa wannan siffa ne don kada ya shiga a juye. Kowace allura da nata rabon saƙon da take ɗauka, sai sun isa tare harafi yake fita daidai. Wata rana da safe mutumin ya janye teburinsa don ya share ƙasa, wayar ta zare. Ga mutane sun fara taruwa a ƙofa. Bai tsaya ya leƙa ba, ya miƙa hannu bayan kwamfutar yana laluben ramin, ya tura kan wayar a juye. Ya ji ya ƙi shiga, sai ya ƙara ƙarfi. Da ya ga abin ya faskara ya juya shi, ya shiga, ya ɗaure ƴan kusoshin gefe, ya koma kujerarsa. Bai san ya kwantar da allura ɗaya ba, tana taɓawa tana saki.

Cikin masu jira akwai wata mata, idanunta sun kumbura. Mahaifinta ne ya ɓata. Tsoho ne da tsufa ya fara ɗauke wa tunani, ya fita masallaci bai dawo ba, ba ya kuma iya faɗin sunan unguwarsu. Ta roƙi a buga mata sanarwa: sunansa, kamanninsa, launin rigarsa, da lambar wayarta. Mai shagon ya tausaya mata ƙwarai, har ya sa ta gaban kowa. Ya rubuta komai daidai a kwamfuta, ta duba ta ce haka ne. Da takardar ta fito, ya ga harafi ɗaya a sunan tsohon ya sauya. Zuciyarsa ta ce masa ya sake dubawa. Amma ya ga matar tana ta kallon hanya, ga layi a bayanta, sai ya ce a ransa, ai duk wanda ya karanta zai gane. Bai bi lambar wayar da ido ba. Ya ɗora takardar a injin kwafi ya fitar mata da tuli guda. Ita ma hankalinta ba ya jikinta, ta rungume su tana ta sa masa albarka. Ita da ƴan'uwanta suka bi tashoshi da masallatai da bakin asibitoci suna liƙawa.

A wani gari da ke gaba, wani direba ya ga tsoho zaune a gindin bishiya, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Ya tuna takardar da ya gani a tasha, ya je ya kwafo lambar. Ya saya wa tsohon abinci, ya zaunar da shi a inuwa, ya kira. Wani baƙo ne ya ɗauka, ya ce shi bai san wani tsoho ba. Ya sake kira, aka ce masa ya daina damun mutane. Motarsa ta cika, fasinja suna ta magana, dole ya bar tsohon a hannun mai shayi ya tafi. Kafin ya dawo, tsohon ya tashi ya kama hanya. Ita kuwa matar tana can riƙe da waya, ko wanka za ta shiga sai ta ajiye ta kusa. Kafin direban ya bi diddigi ya gano gidansu, mutanen wani ƙauye sun riga sun tsinci gawar tsohon a bakin gona, sun yi masa sutura, sun binne shi ba tare da sun san sunansa ba.

Bayan an share makoki matar ta zo shagon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shimfiɗa takardar a kan teburinsa, ta ɗora yatsa a kan lamba ɗaya, inda bakwai ta koma shida. Ta ce, "Malam, kwanan Baba ne ya ƙare, na sani. Amma da na so in ga fuskarsa." Ta juya ta fita.

Mai shagon ya tashi ya kwance wayar, ya kai kanta bakin ƙofa inda haske yake. Allurai duk suna tsaye, sai guda ɗaya a kwance, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Da bakin almakashi ya miƙe ta, cikin ƙiftawar ido firinta ta koma buga komai daidai. Ya rufe shagon ranar, ya nemi mota zuwa ƙauyen, ya tsaya a kan kabarin mutumin da bai taɓa gani ba.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.