Fanka a Gonar Iya Tabawa

A shekarun da Iya Tabawa ta yi ba ta gani ne aka kafa manyan fankokin nan da iska ke juyawa, suna ba garuruwa wuta. Har a gonar marigayi mijinta an kafa ɗaya. Ita dai ƙuginsu kawai take ji, ta kuma rantse abin da ya ci mata gona ba zai taɓa yin kyau ba.

Ranar da aka kwance mata bandeji bayan aikin ido, jikarta Lantana ta ɗauko ta a mota. Da suka hau tudu Iya ta ce, "Tsaya nan, in ga maƙiyan nawa."

Ta fito tana dogara sanda. Ga su nan farare tas, jere har iya ganin ido, suna juyi a hankali bisa koren gero kamar 'yan mata a dandali.

"Yanzu doka ta ba kowane gida damar yi wa tasa ado," in ji Lantana. "Waccan mai shuɗi ita ce tamu. Zanen saƙarki muka kwafa."

Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga kai sama. "Damina ta sauka. Ina shamuwa?"

"Mece ce shamuwa, Iya?"

Tsohuwar ta sake dubawa, babu ko tsuntsu ɗaya. Can iska ta ƙaru, shuɗin ya riƙa wulgawa a sararin sama, sai dariya ta kuɓuce mata. Ta gyara ɗaurin zani, ta miƙa wa Lantana sandar.

"Riƙe min. Ba za a yi rawa a gonata ina tsaye ba."