Kujerar Baya

"Malam, asirinka ya tonu," in ji shugaban ƙungiyarmu, yana dariya. "An ga motarka lulluɓe a bayan gida. Sauka."

Dokarmu ce, mu malaman da ke shiga mota ɗaya daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi: wanda ya sayi tasa ya bar wa wani kujera. Wata uku ina ɓoyonta saboda malamar lissafi mai zama gaba, wadda ban taɓa wuce "ina kwana" da ita ba.

Na sauka. Sai ƙofar gaba ta buɗe, malamar ma ta sauko.

"Je ka ɗauko ta, Malam," ta ce, idonta a ƙasa. "Ai doka ta hana mota tafiya da mutum ɗaya."