Kiran da ya shiga kaset

Ranar Babbar Sallah ce da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a Sentul, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, dole muka fasa zuwa tafkin Titiwangsa. Da Mama ta ga na kumbura fuska, sai ta zaro wani tsohon kaset daga ƙasan akwatinta.

Wasan yara ne da ake sakawa a rediyo duk Sallah tana ƙarama a Kano, labarin ragon da ya tsinke igiya ya shiga gari. Yayanta ne ya kara rakoda a bakin rediyo ya ɗauka, shi ya sa hayaniyar gidansu ta shiga ciki.

Daidai inda ragon ya isa kasuwa, wata mata ta ƙwala kira daga nesa: "Hadiza, zo ki ɗebo mini ruwa!" Mama ta mayar da kaset baya. Ta sake mayarwa.

"Mama, bar shi ya wuce lah," na ce da irin maganar 'yan garin, "ragon nake son ji."

"Bari ta ƙara kirana tukuna," in ji Mama. "Marigayiya Innata ce."

Yau Mama ta bi Innarta, kaset ɗin yana hannuna. Idan na kunna shi aka kira Hadiza, nakan kasa kunne, ko zan ji ta amsa.