Igiyar Mashigi

'Yar'uwa, kin ce tunda ɗanki ya shiga cikin masu ceto a gulbi ba ki iya barci. Ni ma uwa ce, ko baho na gani cike da ruwa sai gabana ya faɗi. Amma bari in ba ki wani misali.

An yi wani gari a bakin gulbi, duk damina sai mashiginsa ya ci mutum. Da abin ya ishe su, sai masunta da wani maƙeri da wani tela suka haɗa kai, ba wanda ya sa su, ba mai biyan su. Ranar kasuwa sukan zauna gindin giginya kusa da mashigin da goran iyo da doguwar igiyar rama. Mai shiga ruwa ya ɗaura ta a ƙugu, na tudu su riƙe. Kuma duk kaka kowane gida sai ya tuƙa nasa guntun, a haɗa a yi sabuwa. Haka iyaye suka bar wa 'ya'ya, har aka manta rabon da a yi makoki saboda ruwa. To akwai wata mai ginin tukwane, ɗanta ɗaya tilo, ga shi ya girma ya shiga cikinsu. Da aka zo karɓar guntun gidanta sai ta hana. A tunaninta, in igiya ta gaza ba za su bar shi ya yi nisa ba.

Rannan, ranar kasuwa, gulbi ya kawo, jajir da shi, kwalekwale ya kife da wata matafiya. Saurayin nan ya ɗaura igiya ya faɗa. Yana dab da kama ta, igiya ta ƙare. Masu riƙo sun shiga ruwa har ƙirji, ba sauran abin saki. Uwar tana tsaye da tukwanenta, sai ta hango hannun ɗanta ya koma ƙugu, zai kwance ƙullin ya tafi haka nan. Wallahi ba ta san lokacin da ta yar da tukwanen ba. Ta fizge mayafinta, ta kutsa ruwan da take tsoro, ta ƙulla shi a bakin igiyar tana ihu, "Mata, ku kawo naku!" Mai ƙosai ta miƙo, mai nono ta miƙo, aka yi ta ƙullawa ana saki har ya cafki matar. Kasuwa kaf ta kama ja, har da tsofaffi masu sanda, sai ga su biyun a kan yashi suna amayar da ruwa, da ransu. Da kaka ta zagayo, guntun mai tukwane ya fi na kowa tsawo da kauri, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta ɗaga kai ta ce, "Ɗana ne mai shiga, ni ce mai riƙo."

Don haka ki share hawayenki, ki je ki kama igiyar. Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.