Lambun Bakin Ƙofar Ruwa

Tunda ka ce sun ba ka zuwa Juma'a ka kai musu amsa kan filin da suka yi maka tayi, zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani mutum.

Direban babbar mota ne, idonsa ya fara rauni, ya ajiye tuƙi ya dawo garinsu ya zauna. Garin yana ƙasan wata madatsar ruwa, inda manoman rani ke da lambuna jere a gefen hanyar ruwa guda ɗaya. Ya kai sunansa wurin sarkin noma yana neman lambu, aka ce ya jira, akwai mutane a gabansa. Ya yi ta jira har tuwon gidansa ya fara raguwa a kwano. Ran nan sarkin noma ya aiko kiransa, ya kai shi can sama, daidai inda ruwa ke fitowa daga madatsar, ya nuna masa lambun da ya fi kowane lambu a wurin: ƙasa baƙa wuluk, mai laushi kamar gari, ruwa na wucewa ta gindinta. Ya ce nasa ne in yana so. Sharaɗi ɗaya ne kawai: duk wanda ke noma wannan lambu, shi ke riƙe makullin ƙofar ruwa, shi ke raba wa mutanen sama da mutanen ƙasa, yau waɗannan, gobe waɗancan. Ya ce ya je ya yi shawara, ya dawo ranar kasuwa.

Mutumin ya koma gida bakinsa har kunne. Matarsa ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi me ya hana waɗanda ke gabansa karɓa. Tambayar nan ta sa ya ce sai ya bincika. Washegari ya nemi wanda ya riƙe lambun kafin shi, ya same shi yana tufka igiya a ƙofar gida. Suka gaisa, ya kawo maganar. Tsohon bai ɗago kai ba, ya ce ƙasar tana da kyau, ya ci gaba da tufkarsa. Daga nan direban ya bi hanyar ruwan da ƙafa har ƙarshenta. Ya ga yadda take tsukewa tana tafiya, har ta koma kamar zaren lilo. Ya ga ƙasar kwamin albasa ta tsattsage, masu lambunan na tsaye suna kallonsa, don labari ya riga shi isa, sallamarsa ma da ƙyar aka amsa. Ya hau sama ya sake tsayawa a lambun, ya tura hannu cikin ƙasar, ya ji sanyinta har gwiwar hannu. Ya tuna 'ya'yansa da ke suɗe kwano suna kallon uwarsu. Ya ce wa kansa, mutumin da ya tuƙa mota cike da shanu daga Arewa har Kurmi, buɗe ƙofa da rufe ta ne zai gagare shi? Ranar kasuwa ya je ya miƙa hannu biyu ya karɓi makulli.

Shekarar farko ya ci daɗi. Tumatir ya yi har kwanduna suka ƙare a gari, attaruhu ya yi, gidansa ya koma ƙamshin miya. Shekara ta gaba damina ta ɗauke da wuri, ruwan madatsa ya ja baya, ya zama abin da ke fitowa ba ya isar kowa. Ranar mutanen ƙasa ta zo daidai lokacin da tumatir ɗin mutanen sama ke fure, nasa ma yana ciki, kuma duk manomi ya san fure in ya sha rana babu ruwa zubewa yake yi. Da hantsi maƙwabtansa suka kewaye ƙofar ruwa, har da ƙanin matarsa a cikinsu, suka ce ba za a buɗe ba. Kafin azahar sai ga mutanen ƙasa sun taso ta kan gaɓa, kowa da fartanya ko adda a kafaɗa. Ya aika a kira sarkin noma, ɗan aiken ya dawo da amsa gajera: "Makulli yana hannunka." Ya ɗaga makullin sama, ya juya dama, ya juya hagu, ya ce wanda ke so ya karɓa. Babu hannun da ya miƙo.

Ya dubi furen tumatir ɗinsa, ya dubi addunan da ke matsowa. Ya hau kan ƙofar ya zura makulli, don ranar ta mutanen ƙasa ce, shi ma da bakinsa ya faɗa musu. Dutse ya taso daga ɓangaren maƙwabtansa ya fasa masa goshi. Bai saki ƙarfen ƙofar ba, jini na shiga idonsa yana murɗawa, har ruwa ya gangara. Tumatir ɗinsa ya zubar da fure ya bushe a tsaye. Mutanen sama suka daina cin abinci da shi. Mutanen ƙasa kuwa ba wanda ya zo duba shi, don a wurinsu haƙƙinsu ya ba su.

Ni ban ce maka kada ka karɓi filin nan ba. Amma kafin ka miƙa hannu, ka koma ka tambaye su abin da ke rataye a jikinsa, ka auna ko wuyanka zai ɗauka ranar da babu mai taya ka. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.