Maki Saba'in da Ɗaya

Tun da aka kafa dokar maki, kowane likita yana yawo da ƙaramin allo a ƙirjinsa. Majinyaci ya warke, lamba ta hau. Ya rasu, ta sauko. Tawa saba'in da ɗaya ce. Ta Dakta Sagir, wanda ni na koya wa riƙon wuƙar tiyata, casa'in da huɗu. Kullum sai na saci kallon ƙirjinsa a taron safe, in yini raina yana ƙuna.

Ranar Talata aka kawo mahaifina, cikinsa ya kumbura. Ina taɓa shi ya riƙe hannuna.

"Barira, kira mini mai casa'in da huɗun nan."

Na ɗauki takardunsa, na bi layin ofishin Sagir kamar kowa.

Ya karanta a nitse har ya kai kan shekarun Baba, saba'in da tara. Sai ya turo mini takardun.

"Anti Barira, ki yi haƙuri, na daina karɓar wanda ya haura sittin. Ke ai kin saba da irinsu."

Na koma na ce, "Baba, aiki ya yi masa yawa. Ni zan yi maka tiyatar, yau ɗin nan."

Baba ya gyara kwanciya yana cije leɓe.

"Kada ki wahalar da kanki, 'yata. Babban likita ne, dole a yi masa uzuri. Zan jira shi."